Akushin Baƙi a Lambun Kakata

Kakata ba ta da asiri. Da wannan zan fara, domin yau kwana bakwai ina zaune a tsakar gidanmu ina sauraron mutanen kirki suna yi mata ƙarya da kyakkyawar niyya.

Mata sun zo gaisuwa daga unguwannin Bagudo, wasu daga Geza, wasu sun ƙetaro daga ƙasar Dahome da ƙafa. Kowace za ta durƙusa ta ce ya haƙuri, ta yi addu'a, a shafa, sai ta karkata kai wajen dangar lambu ta rage murya. Wata ta ce tsohuwa ta binne laya a kusurwa huɗu. Wata ta ce tana magana da kwaɗi. Wata ta rantse da idonta ta ga tsutsa ta cinye lambun maƙwabta ta zo bakin dangarmu ta juya. Goggona, wadda ita ce 'yar marigayiyar ta fari, sai gyaɗa kai take tana share ido da bakin mayafi, tana cewa, “Hannunta ne. Allah Ya ba ta, ta tahi da abinta.”

Na yi ta haɗiye magana har na gaji. Kowa a gidan nan ya san ba ni da haƙuri, kuma ita kanta marigayiyar ta sha faɗa mini bakina yana riga kaina isa wuri. To, tunda ba a gardama a kan tabarmar makoki, na ɗauki alƙalami.

Mahaifina ya rasu ina goye, Kaka ce ta yaye ni, a ɗakinta na girma. Lambun yana bayan ɗakin, ga rijiya a tsakiya, danga ta kara ta kewaye shi. Ba wani babba ba ne, taku arba'in ka ƙure shi. Amma tumatur, kuɓewa, yalo, alayyafo, albasa da barkonon da ke shiga tukunyar gidanmu tun ɗaukewar ruwa har wata damina, duk daga nan suke fitowa. Irin tumatur ɗin kuma daga gidan uwarta ta zo da shi, can wajen Kaoje, ƙulle a tsumma, shekarar da aka kawo ta amarya. Ƙanana ne, masu tsami, ba sa ruɓewa da wuri.

Ga abin da ake kira asiri. Tana idar da sallar asuba take ɗaukar ƙwarya da ruwa kaɗan a ciki, ta shiga. Ba ta tsayawa ta kalli lambu daga sama kamar yadda kowa ke yi. Tsugunawa take, ta kama ganye ta juya bayansa, ɗaya bayan ɗaya, kunya bayan kunya. Ƙwan ƙwaro ta murje shi da babban yatsa, tsutsa ta jefa a ƙwarya, in ta fito ta zuba wa kaji. Babban yatsanta na dama kore ne har ta mutu, wanka bai taɓa fitar da shi ba. Ruwa a gindi take ba shuka, ba ta jiƙa ganye. Tokar murhu, wadda ita take kira habɗi, ba a zubar da ita a gidanmu, tankaɗewa take ta barbaɗa da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. In ɗarɓa ta kama kuɓewa, ƙananan ƙwarin nan masu manne wa ganye su sa shi danƙo, sai ta daka 'ya'yan dogon yaro da barkono, ta jiƙa su kwana, ta tace, ta narka sabulun salo a ciki, ta yayyafa da tsintsiya. In shuka ta yi yaushi ba dalili, ko tana ɗauke da 'ya'ya, tumɓuke ta take ta duba saiwa. In ta ga ƙulli-ƙulli, wuta. Kuma wannan gurbi ba zai sake ganin tumatur ba sai bayan shekara biyu, albasa za ta zauna a wurin.

Shi ke nan. Gwiwa da ido da sammako. Shekara hamsin tana yi, babu fashi sai na haihuwa ko tafiya.

Amma ban ga laifin masu cewa asiri ba gaba ɗaya, domin tana da dokoki, kuma ba ta faɗin dalili. Ba a kashe kwaɗo a gidanmu. Ba a share yanar gizo-gizo a lambu. Ba a fasa gidan zanzaro, ko da ya gina shi a bakin ƙofar ɗaki. Wanda ya taɓa taba ba ya taɓa tumatur.

Wannan ta ƙarshe ta fi shafar ƙanenta, bafatake ne mai kai kaya kasuwannin ƙetaren iyaka, bakinsa kullum ja da garin taba. Ranar da duk ya zo sai sun yi.

“Tsaya nan,” za ta ce masa daga cikin lambu.

“Yaya, ni ne fa.”

“Na san kai ne, shi ya sa. Ga sabulu can, har gwiwar hannu.”

“Yanzu alwala zan yi wa tumatur?”

“Tumatur ɗina ya hi ka tsabta. In ba ka wankewa, gaishe ni daga nan, ina ji.”

Zai wanke yana mita, ya shiga, ya fito da aljihu cike da yalo. Sai da na girma ta gaya mini, ita ma don na matsa mata, cewa a shekarun da kakana yake raye yana taya ta dashe, shi ma mai taba ne, layin da duk ya dasa sai ganyen ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe, nata kuwa lafiya. Shekara uku tana kallo kafin ta hana shi. Ta ce ya yi fushi har ya ƙi cin miyarta kwana biyu, rana ta uku yunwa ta sasanta su.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne kunyar gabas. A bakin danga akwai kunya guda ta wake da kuɓewa da take shukawa sati biyu kafin komai. Ba ta barbaɗa mata toka, ba ta yayyafa mata komai, ba a tsinkar ta a kai tukunya. Kullum a cinye take, ganye duk huji. Tana kiran ta akushin baƙi. Mutanen unguwa suka ce rabon aljannu ne, yara ba sa bi ta wannan lungu da tsakar rana.

Ni ma na yarda camfi ne, kuma nan ne labarin ya zo kaina.

Shekarar da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu, ina sakandare, na dawo hutu kaina cike da karatu. An koya mana cewa ƙasa ta zama tamu, mu ne za mu fitar da ita daga duhu, ni kuwa na ɗauka duhun yana bayan ɗakin kakata. A hutun nan ƙanenta ya kawo wani gwangwani daga kasuwar ƙetare, farar hoda a ciki, an zana ƙwaro a jiki ya yi rigingine. Ya ce manoman auduga na can da ita suke aiki. Kaka ta karɓa, ta shinshina, ta tura shi ƙarƙashin rumbu. Kashegari ta tafi Kaoje suna, za ta yi kwana uku.

Baffana, yayan mahaifina, shi ne mai gida. Shi ya jawo gwangwanin ya miƙo mini a gaban matan gida, ya ce, “To, malama, karanta muna mi ya ce.”

Rubutun Faransanci ne. Ban iya ba, ko kalma ɗaya. Amma ido goma na kaina, kuma ni ce yarinyar da aka ɗora a mota aka kai birni karatu. Na juya gwangwanin, na motsa leɓe, na ce an ce a barbaɗa ko'ina, a yawaita. Har yau in na tuna yadda na faɗe ta a natse sai in ji kunya ta kama ni.

Na barbaɗa ko'ina, na yawaita. Kunyar gabas kuwa na tumɓuke ta na watsa wa awaki, na ce an gama ciyar da aljannu a gidan nan. Washegari lambu ya yi tsit, tsutsa a zube a ƙasa, na yi ta kiran mutane su zo su gani. Kajin Kaka suka shiga suka tsince. Ranar da ta dawo, uku sun mutu, gefen ganyen tumatur ya ƙone, kwaɗi sun yi rigingine a bakin rijiya, fararen cikinsu a sama, kamar ƙwaron jikin gwangwani.

Ba ta ajiye kayanta ba ta shiga lambu. Ta daɗe. Da ta fito ta zauna a kan turmi ta ce a kawo gwangwanin, ta miƙo mini.

“Karanta mini.”

Na juya gwangwanin a hannuna.

“An ce ke kika karanta. Karanta, in ji da kunnena.”

Na ce ban iya ba.

“To.” Ta karɓe abinta. “Rashin iyawa ba komi ba ne, ɗiyar ga. Ni ma ban iya ba, shi ya sa na aje shi.”

Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Sai bakina ya riga ni, na ce ai laifinta ne, da ta taɓa faɗin amfanin kwaɗo da kunyar gabas da ban taɓa su ba, ita ce ta bar mutane suna cewa aljannu.

“Kin tambaya?”

“Ko na tambaya ba ki faɗi.”

Ta tashi ta je bakin ƙofarta, ta sa tsinke ta ɓantare gefen gidan zanzaro, abin da ta hana kowa. Ta kira ni. Ciki cunkushe yake da koren tsutsa, irin wadda ke huda tumatur. Ta ce shi yake ɗauko su ya tara wa 'ya'yansa, ba ya neman lada. Kwaɗo yana tsaron ƙasa, gizo-gizo yana tsaron sama. Kunyar gabas kuwa, da yake ita ke fara tohowa, ƙwari a can suke sauka su yi ƙwai, ita kuma ta san inda za ta same su a tare, masu cin su ma sun san inda abinci yake. “Baƙon da ka san zai zo ko ba ka gayyace shi ba,” in ji ta, “ai sai ka aje mashi akushi bakin ƙohwa, kada shi shiga ɗaki shina buɗe tukwane.”

Na ce to me ya hana ta gaya wa mutane haka. Ta yi 'yar dariya ta ce in sun san aiki ne kawai, kowa zai shigo da hannunsa da akuyarsa da dashen da ya ɗauko ko'ina. Yanzu kuwa ko ƙofa ta bari a buɗe ba mai leƙawa.

Hukuncina shi ne in mayar da abin da na kashe. Kwana huɗu ina zuwa fadama da tulu ina kama kwaɗi, ina ratsa gari da su a kai suna kuka. Matan bakin rijiya suna tambayata ko a makaranta aka ba mu wannan aiki. Duk da haka ba mu tsira ba. Bayan sati uku ɗarɓa da tsutsa suka dawo ninki, ba mai cin su, ba kuma akushin da zai tare su. Shekarar nan miyar kuka muka sha har ruwa ya sauka. Gindi shida na tumatur ta ceto da hannunta, daga su aka sami iri. Ba ta sake ambatar maganar ba, sai dai in baƙo ya zo da takarda ta ce, “Miƙa wa malama, amma ka tambaye ta ko da wane harshe ne.”

Gwangwanin ma ba ta yar ba. Da malamin gona ya zo gari ta sa aka kai masa, ya ce na auduga ne, ba a kusantar da shi ga abin da za a ci. Ta koma ajiye shi can saman rumbu, in gara ta kama itatuwan danga ta ɗiba da bakin wuƙa ta zuba a ramin, nesa da kunya, ta rufe da ƙasa, ta wanke hannu sau uku. Ba ta ƙi sabon abu ba. Abin da ba ta sani ba ne ba ta yarda ya taɓa abincinta.

An ce tana da rowa, don ba ta karɓar dashe daga kowa, ba ta kuma bari a shiga a tsinka. Amma bara da kogi ya cika ya share lambunan wajen Kaoje, wata Badendiya, 'yar wata ƙabila ta bakin kogi da ba ta haɗa komai da mu ba, ta zo tana neman iri ƙofa ƙofa. Kaka ta sauke ɗan tulun da take ajiye iri cikin toka ta juye mata kusan duka, ta bar abin shuka ɗaya kacal. Sannan ta bi ta har garinsu da ciwon gwiwarta, ta kwana biyu tana nuna mata yadda ake juya ganye. Goggo ta yi faɗa ta ce in namu ya lalace fa. Kaka ta ce ai tana nan, ba zai lalace ba.

Ba ta nan. Zazzaɓi ne na kwana biyar. Rana ta uku ta aike ni in duba kunyar gabas in zo in gaya mata, na je na dawo na ce lafiya lau. Ta ce, “Kin juya ko kin kalla?” Na koma na juya. Wannan ce magana ta ƙarshe mai tsawo da ta shiga tsakaninmu, kuma ina jin haushin cewa ko a nan sai da ta kama ni.

Ranar da aka kai ta makwanci, Baffa ya ɗaure ƙofar lambu da igiya. Ya ce ba mai shiga sai an yi sadakar arba'in, sannan a kira malami ya tone abin da aka binne, kada ya taɓa wani. Kowa ya ce ya yi daidai. Ni kuwa kuka ya hana ni tunani.

Jiya Badendiyar nan ta iso. Ta gaisa da Hausarta mai karyewa, ta yi addu'a, ta dubi danga, ta dube mu, ba ta rage murya ba. Ta ce, “Wa ya juya ganye yau?”

Ba wanda ya shiga, balle ya juya. Na tambaye ta a gefe ko irin da aka ba ta ya yi, ta ce kogi ya sake shiga bana, bai bar mata ko gindi ɗaya ba. Wato duk abin da ya rage na tumatur ɗin uwar kakata yana bayan igiyar nan, a jikin gindi tara da ta ɗaura wa jan tsumma don iri, kuma ba su nuna ba tukuna. Kwana shida ba ruwa, ba hannu. Na leƙa ta danga, na ga kunyar gabas ta ƙare, baƙi sun gama da akushinsu sun fara shiga ɗaki.

Na zira hannu na tsinko ganye, na je zaure na durƙusa na ajiye shi a kan tabarmar Baffa, bayansa a sama, ƙwai jere kamar an shirya su.

“Baffa, kwana arba'in ba za a tarar da komai ba.”

“Wa ya ce ki taɓa?”

“Ba a binne komai ba. Ni na yi haƙa a kusurwa huɗun nan da hannuna, shekarar da na ɓata lambun, ina neman inda zan dasa albasa. Ƙasa ce da saiwa.”

Ya dubi ganyen. Baffa mutum ne mai furfura, amma sai na ga ɗan da uwarsa ta hana shi shiga wani wuri tun yana ƙarami, ba ta kuma taɓa ce masa don me ba. Ya ce, “Ke kaɗai ƙanena ya bari. In wani abu ya same ki, mi zan ce?”

Na ce ya ce kwaɗi ne.

Bai yi dariya ba, bai kuma ce to ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

A nan nake ganin laifinta, Allah Ya gafarta mata, kuma da tana raye da na faɗa mata a ido. Tsoron da ta bari ya tsare mata lambu shekara hamsin, shi ne yanzu yake neman kashe shi cikin kwana arba'in. Ta san abin da ya isa ya ciyar da unguwa, ta koya wa mutum biyu kacal, ni saboda na yi ɓarna, Badendiya saboda ruwa ya cinye lambunta. 'Ya'yan cikinta suna tsaye bayan danga suna tsoron uwarsu.

Akwai takarda a akwatina, an kira ni aikin koyarwa a birni, motar da zan bi ran kasuwa mai zuwa za ta tashi. Shekaru na yi ina jiran wannan takarda. Tumatur masu jan tsumma kuwa suna bukatar sati biyar kafin su nuna a matse su, a shanya, a zuba cikin toka. Na rubuta musu yau cewa ba zan iso ba sai bayan sati shida, in za su jira su jira, in sun ba wata, Allah Ya sa ta fi ni haƙuri da yara.

Allah Ya jiƙan tsohuwa, Ya yafe mata dokokinta, Ya sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya gindin kowace shuka.

Gobe in na idar da asuba zan kwance igiyar Baffa, in naɗe ta in kai masa har zaure, ba a ɓoye zan yi ba. Na ce wa Goggo ta zo ta tsaya ko a bakin ƙofa ne, ta ce ba ta zuwa, sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa. Zan ba gindi taran nan ruwa, in juya ganye, in sake shuka kunyar gabas ko da ta makara. Ƙofar kuma a buɗe zan bar ta, in ajiye sabulu da ruwa a bakinta. Duk matar da ta wanke hannu ta shigo, kuma duk abin da ta tambaya zan gaya mata dalili.